Gudu Ba Takalmi: Wa Ya Tambayi Mai Taka Ƙarangiya?

A 2009 wani ɗan jaridar Amurka, Christopher McDougall, ya fitar da littafi mai suna Born to Run. Hujjarsa ita ce jikin ɗan Adam ya dace da dogon gudu tun asali, kuma takalman zamani masu kaurin dunduniya ne suka ɓata mana taku, suka jawo ciwon gwiwa. Misalinsa ƴan ƙabilar Tarahumara na Meziko, masu yini suna gudu cikin duwatsu.

Rabin maganar na yarda da ita. Mutum yana huce zafi da zufa yana cikin gudu, dabbobi da yawa kuwa sai sun yi haki. Duk wanda ya ga yaro makiyayi ya bi maraƙin da ya ɓalle a kwarin Tarka har maraƙin ya tsaya don kansa, ba ya bukatar littafi.

Inda nake ja da shi, ya ɗora laifin duka a kan takalmi. To ai su Tarahumara ɗin ma ba ƙafa tsirara suke gudu ba, takalmin taya suke ɗaurawa, kusan irin na kasuwarmu ta Dakoro. Binciken Daniel Lieberman na jami'ar Harvard a 2010 ya nuna waɗanda suka saba gudu ba takalmi sun fi sauka a kan gaban ƙafa. Amma a 2013 aka duba ƴan Daasanach na arewacin Kenya, su ma marasa takalmi, aka tarar yawancinsu da dunduniya suke sauka. Ashe ba taku guda ne na asali ba, kowa da ƙasar da ya saba takawa. Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun yada-ƙanin-wani na Olamfik a Roma a 1960 ba takalmi. A Tokyo a 1964 ya sake ci da takalmi, kuma ya fi sauri.

Abin da ya fi ci mini rai, littafin ya mai da rashi ado. Bature ya tuɓe takalminsa don ra'ayi, in ƙafa ta yi ciwo ya mayar. Ƙanenmu da ke tahowa lakwal daga ƙauye cikin ƙarangiya da ƙayar aduwa, bisa rairayi mai ƙuna, shi wa ya ba shi zaɓi?

Don haka, ƴan uwa, kada mu raina kanmu don ba mu da takalmin jikka talatin, kada kuma mu jefar da wanda muke da shi don wani ya ce. Mu fita da asuba kafin rana ta buɗe, mu fara da kaɗan, mu ƙara sannu a hankali. Ƙafa sabo take so. Mai silifa ya zo da silifarsa.