Farar ƙasa a hoto ba shaidar mutuwar Tafkin Chadi ba ce

Wataƙila ka ci karo da irin hotunan nan da ake ɗauka daga sama da ƙaramin jirgi mara matuƙi: ƙasa fari fat, ta tsattsage, a ƙarƙashi an rubuta wai tafki ne ke mutuwa. Kyau kam akwai shi. Hujjar ce da sauranta.

Kai da ke Bafarawa ko Sabon Birni ai ka san fadamar Gulbin Rima. A ɗauke ta a Agusta, a sake ɗauka a Afrilu, baƙo sai ya rantse wurare biyu ne. To haka Tafkin Chadi yake, sai dai shi cikarsa kan zo ne wajen Nuwamba zuwa Janairu, bayan ruwan kogin Shari ya iso daga kudu. Hoton da bai faɗi watan da aka ɗauke shi ba, me ya auna?

Sannan farin nan, galibi kanwa ce. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ke tasowa a kwaruruka tsakanin tuddan yashi na Kanem da Manga, rana ta shanye shi, gishirin ya zauna a sama. Tun tafkin na cike fatake ke lodin wannan kanwa zuwa Kano. Mai hoto ya ga kufai, mai haƙa kuwa abincinsa ke nan, kuma da wuya ka gan shi a hoton.

Kar ka ɗauka ana musun raguwar ne. A 1963 faɗin tafkin ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, farin shekarun 1970 da 1980 ya mai da shi ƙasa da 2,000. Amma binciken da mujallar Scientific Reports ta buga a 2020, da bayanan tauraron ɗan'adam na kusan shekara 20, ya nuna ba ci gaba da ƙafewa yake ba. Ruwa mai yawa yana ƙarƙashin ciyayi, inda kyamara ba ta gani.

Kuma fa maganar kuɗi ce. Da labarin ƙafewar aka tallata shirin Transaqua a taron Abuja na 2018: a janyo ruwa daga yankin kogin Kwango, tafiyar kilomita 2,400, a kan dala biliyan 50. Masu noman masara da wake a inda ruwa ya janye, gonakinsu ne za su fara nutsewa.