Jinjina Ga Masu Jinyar Ciwon Daji

A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda ake kula da masu ciwon daji, akwai ma'aikatan da ba su da albashi: masu jinya. Galibi mata ne, uwa ko 'ya ko ƙanwa, da tabarmarsu da fulas da buta.

Ƙarin ruwan maganin ciwon daji, wato kemo, sau da yawa duk mako 3 ne, gashin ciwon kuwa Litinin zuwa Juma'a, makonni a jere. A tsakani, mai jinya ce ke bin layin gwajin jini, ta tara roba in amai ya taso, ta dama kunun gyaɗa tana lallashi, "Inna, daure ko cokali biyu ne," don maganin yakan kashe ɗanɗanon baki. Ranar da suma ta fara zuba, ita ke ɗaura ɗankwali tana raha. Kukanta sai ta fita waje.

Ita ce kuma ke fara jin zafin jikin mara lafiya cikin dare, kuma ta san zazzaɓi bayan kemo ba a jira masa wayewar gari.

Mai zuwa dubiya, ka tambaye ta ko ta ci abinci, ka karɓe ta ko na kwana ɗaya ne.