Injin ba ya da bawa

Duk mai haɗa wutar sola ya san aikin: in za ka haɗa inbata biyu su yi aiki tare, littafin kamfani zai ce ka mai da ɗaya "ubangida", ɗaya "bawa", na farko ya ba da umarni, na biyu ya bi. Haka sunayen suka daɗe a harkar kwamfuta da injinan masana'antu, da Turanci da Faransanci.

Yanzu ana ta sauke su. Masu harshen kwamfuta na Python sun sauke su a 2018. Bayan kisan George Floyd a Amurka a 2020, Linux da GitHub da ƙungiyar Modbus suka bi sahu. Wasu injiniyoyinmu na cewa wannan rigimar Amurkawa ce, injin ba ya jin zagi, kuma sauya suna zai rikita ɗalibi da tsoffin littattafai. Ni ban yarda ba, kuma hujjata tana Ƙonni ta Nijar.

A 1996 aka sayar da Hadijatou Mani, tana 'yar shekara 12, a kan sefa dubu 240, ta zama wahaya, wato baiwar da ubangijinta ke ɗauka kamar matarsa. Nijar ta mai da bauta laifi a 2003, amma da Hadijatou ta auri wanda take so, kotun Ƙonni ta yanke mata wata shida a 2007, wai ta yi aure a kan aure. Sai a Oktoban 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta kama gwamnati da laifin kasa kare ta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Ƙungiyar Timidria tun 1991 take yaƙi da bauta. A yankin Ƙonni da Illela har gobe ana binciken asali kafin a ba da aure.

To, yaron da aka hana mata saboda asalin kakarsa, ya zo koyon lantarki a Malbaza, maigida ya nuna akwati ya ce "wannan bawa ne", sauran yara suka kalle shi suna murmushi. Wa zai ce masa magana ce ta injin kawai?

Sauya suna ba zai 'yanta wahaya ko ɗaya ba. Wannan aikin alƙali ne da sarakuna da malamai. Amma abu ne mai araha da ke hannunmu. Kalmomin fasaha na Hausa ba su gama zama ba tukuna, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malaman makarantun sana'a su ce "jagora" da "mabiyi". Sun ma fi bayyana aikin, domin in an so, gobe ana iya saita mabiyin ya zama jagora.