Sorkawan Ayoru Sun Gama Da Ni

Jama'a, ku bar ni in yi ta santi. Fim ɗin Jean Rouch mai suna Bataille sur le grand fleuve, wato yaƙi a babban kogi, bai fi rabin awa da 'yan mintoci ba, an ɗauke shi tun 1951, launinsa ma ya fara koɗewa, amma wallahi ban ga abin da ya kama ƙafarsa ba a duk finafinan tafiyar ruwa da suka taɓa zuwa gabana. Kuma mutumin Agadas ne ke wannan magana, wanda kogin garinsu Telwa ne, koramar da ke tumbatsa da damina ta koma rairayi sauran shekara.

Sai an san yadda Rouch ya san kogin Kwara kafin a gane daɗin fim ɗin. Injiniyan hanya ne da ya fara zuwa Nijar a 1941. Bayan yaƙin duniya, a 1946, shi da abokansa biyu, Jean Sauvy da Pierre Ponty, suka ɗaura niyyar bin Kwara daga mafarinsa a tsaunukan Gini har inda ya faɗa teku a Najeriya, tafiyar kimanin kilomita 4,200. Ba su da wani attajiri a bayansu. Labarai suke rubutawa suna aika wa kamfanin dillancin labarai na Faransa da suna ɗaya na aro da suka harhaɗa daga sunayensu uku, da kuɗin suke cin abinci. Kyamarar kuwa ta hannu ce, Bell & Howell mai milimita 16, a kasuwar gwanjo ta Paris aka saye ta. Tun a farkon tafiya suka rasa ƙafafun da ake ɗora ta a kai, dole Rouch ya riƙa ɗauka a hannu yana tangaɗi cikin jirgi. Wannan asara ita ta zama salonsa har ya mutu. Sun isa teku a 1947, bayan sun wuce wuraren da ruwa ke tafasa yana kumfa a kan duwatsu, irin su Labezanga a iyakarmu da Mali, da Busa inda kogin ya ci Baturen nan mai yawon bincike, Mungo Park, a 1806. Duwatsun Busa yanzu suna ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968, don haka wannan tafiya ba mai sake yin irinta sak.

Fim ɗin da ya fito daga waccan tafiyar, Au pays des mages noirs, ba na yaba shi. 'Yan kasuwar fim na Paris sun yanyanka shi, suka ɗora masa sharhin raini, suka kai wasan bori ƙarshe alhali kafin farautar dorina ake yinsa. Rouch kansa bai ji daɗi ba. Shi ya sa ya komo wajen mutanen da ya ɗauka a wancan fim ɗin, wato Sorkawa, masuntan tsibiran Ayoru da Firgun da Kutugu, ya zauna da su watanni. A nan aka haifi gwanin fim ɗina.

Ga abin da ya sace min zuciya: ba a yi gaggawar kai mu wajen dorina ba. Sai da aka nuna mana shiri, dalla-dalla, ba ƙosawa. Ana haɗa katon jirgi, katako bisa katako, ana ɗinke su da igiya ana toshe kafofi. Ana gyara zago, ana ɗaura wa kowanne igiya da abin da zai sa ya yi yawo a saman ruwa, domin in an soki dabbar ta nutse a san inda ta nufa. Sannan a kira masu goge da ƙwarya, a nemi izinin Harakoi Dikko, uwar ruwa a al'adarsu, don a wurinsu dorina dabbarta ce, ba a taɓa ta sai ta yarda. Mai kallo na iya cewa wannan ba aƙidarsa ba ce, ni ma ba tawa ba ce. Amma ka dubi fuskokin dattawan nan, ka ga mutanen da suka san cewa wanda ya shiga ruwa da girman kai gawarsa ake tsamowa.

Duk ɗan Abzin zai gane wannan nan take. Haka ayarin gishiri ke yi kafin ya fuskanci Tenere zuwa Fashi da Bilma: a tara ciyawar raƙuma dami-dami, a duba salka ɗaya bayan ɗaya, a jira zafi ya sauka, a bi madugu ba musu. Su ma Sorkawa suna da madugunsu, kuma ba a ɗaga filafili sai ya ce.

Lokaci ma ba su yi wasa da shi ba. Kogin nan a yankin Yamai da Tilaberi cika biyu yake yi. Akwai jan ruwa na daminarmu a Agusta da Satumba, akwai kuma ruwan Gini da ke ɓata watanni yana ratsa fadamun Masina a Mali, sai wajen Janairu ya iso. Daga nan ya yi ta ja baya har Mayu da Yuni, duwatsu su fito, tsibirai su yi faɗi. A 1985 ma tsayawa ya yi cik a Yamai. Wanda ke mafarkin bin kogin da kwale-kwale, in bai san wannan ba, ko dai ruwa ya fi ƙarfinsa ko ya ƙare da jan jirgi a kan dutse.

To, farautar fa? Kai! Kyamara na cikin jirgi, ruwa na fantsamo mata, ana kirari, zago na tashi. Sun kashe mace, sun kama ɗan jariri da rai, ka ga Damure Zika, abokin aikin Rouch, yana lallaɓa shi kamar ba ɗan dorina ba. Sai babban namijin, tsohon da suka fito dominsa. Ya sha zago har ba a ƙirgawa, ya juyo ya farfasa katon jirgin da muka ga an sha wahalar ɗinkawa, ya yi tafiyarsa. Suka koma gida ba shi. Wane mai fim ne yau zai yarda jarumansa su sha kashi a hannun dabba, ya bar abin haka? Na tafa, na sake tafawa.

Akwai abin da ya ƙara min ƙaunarsa. Rouch ya mayar da fim ɗin Ayoru ya haska wa masu shi a kan farin ƙyalle. Suka kalla, suka ce ya yi kuskure: ya sa kiɗa a wurin farauta, alhali kiɗa ƙarfin zuciya yake ba dorina, shiru ake yi. Bature mai digiri ya saurari masunta, ya cire kiɗan. A zaman nan ne kuma aka kawo shawarar fim ɗin Jaguar, wanda ya bi samarin Nijar zuwa ci-rani a Gwalkwas, Gana ta yau.

Farautar dorina doka ta hana yanzu, kuma rashin tsaro ya sa ba wanda zai ba ka shawarar ka ɗauki jirgi daga Labezanga zuwa Ayoru a wannan zamani. Madatsar Kandaji da aka fara ginawa ita ma, in an kammala ta, za ta sauya fuskar wurin. Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Konni a Fabrairun 2004, kabarinsa na Yamai. Roƙona ga matasanmu masu harkar fim a Agadas da Damagaram da Maraɗi shi ne su nemi izini su sa wa fim ɗin nan muryar Hausa da ta Tamashek, a kafa ƙyalle a fili a haska shi kyauta. Ni zan kawo tabarmi da shayi.