Lifidin Ƙanƙara, aikin da ya ƙayatar da ni

Kai jama'a! Wanda ke cewa ɗinkin hannu ya mutu a ƙasar Katsina, ya zo Ƙanƙara ya ga lifidin da wani dattijon maɗinki ya haɗa wa wani matashin mahayi saboda hawan Sallah. Wallahi bakina bai gaji da yabo ba.

Yanzu masu gaggawa soso suke cusawa cikin yadin kanti, su bi da keke, su ce sun yi kayan yaƙi. Baba kuwa ya ƙi. Audugar rimi ya nemo, ya tsince 'ya'yanta, ya shimfiɗa ta tsakanin ƙyalle biyu, sannan ya bi da basilla layi-layi har ta zauna daram, ba tudu ba kwari. Ka danna da yatsa ta dawo. Nan ne mutum zai gane yadda wannan tufa ke dakushe kibiya kafin ta kai ga fatar doki ko ta mahayi. Shafin ciki fari ne saƙar hannu, da zaren da tsofaffi suka kaɗa a mazari, auduga kuma ta wannan yanki namu na Faskari da Sabuwa, inda aka daɗe ana noma ta.

Amma mulufin nan shi ya gama da ni! Jan ulu ne mai kauri, irin wanda fatake suka riƙa kawowa ta hamada daga Tarabulus. Ulu yana da gardama, yana miƙewa a ƙarƙashin allura, amma Baba ya yanka shi kusurwa-kusurwa, ya jera da fari da baƙi, kowane baki ya haɗu da ɗan'uwansa cif. Na juya kalmasar ina neman inda zare ya zarce, ban samu ba.

Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, lifidi da sulke da kwalkwali suka shigo rundunarsa. Sama da shekara 600 ke nan, ga shi yau ana ɗinka shi a garinmu yadda ya kamata.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya kawo mana zaman lafiya a wannan yanki. Ranar da tawagar Sarkin Pauwa, hakimin Ƙanƙara, za ta hau, ni dai a sahun gaba za a same ni, ina jinjina har muryata ta dishe.