Kwanar Eau Rouge da abin da ke gefen titi

Titin tseren motoci iri biyu ne: akwai wanda yanayin ƙasa ya shata, akwai wanda injiniya ya zana a takarda. Spa-Francorchamps da ke dazuzzukan Ardennes a Beljiyam yana cikin kashi na farko. A 1921 hanyoyin jama'a ne kawai da suka haɗa Francorchamps da Malmedy da Stavelot, wajen kilomita 15. A 1979 aka rage shi, yau kilomita 7 ne da 'yar ɗoriya, amma tuddai da kwarin da Allah ya yi wa wurin suna nan daram.

Duk mai son gane Spa sai ya tsaya a Eau Rouge. Mota za ta gangaro a guje, a gindin kwari ta ɗan karkata hagu, nan take ta yanke dama tana hawan tudun da ake kira Raidillon, a can ƙololuwa ta sake komawa hagu. A gindin, nauyi yakan danne direba cikin kujera kamar an ɗora masa buhu. A wajen hawa kuwa ba ya ganin komai sai sararin sama da kawunan itatuwa. Kwanar da ke jiransa ba da ido yake binta ba, da sabo yake binta, ƙafarsa kuma tana kan totur.

Titunan zamani ba haka suke ba. Bajamushen nan Hermann Tilke, wanda ya zana titin Sepang na Malesiya da aka buɗe a 1999 da na Bahrain da Shanghai da aka buɗe a 2004, yana da salonsa: doguwar miƙaƙƙiyar hanya, sai matsattsiyar kwana da ke tilasta taka birki, domin a samu damar wuce abokin karawa. Dabarar tana aiki, ban musa ba. Abin da ke damuna shi ne gefen titin. Inda a da ake zuba tsakuwa mai riƙe mota, yanzu kwalta ake shimfiɗawa mai faɗin gaske. Direba ya yi kuskure, ya fita, ya dawo abinsa ba tare da ya ji a jikinsa ba. Ta yaya mai kallo zai bambance gwani da mai sa'a?

Sai dai ba na faɗin wannan da sakin baki. A 2019 matashin direban Faransa Anthoine Hubert ya rasa ransa a saman Raidillon, a tseren Formula 2, kuma duk wanda ya ga abin ya san cewa rai ya fi kowace kwana.

Gyaran da aka yi wa Spa a 2022 shi ya fi kwanta mini. An tura shingen Raidillon baya, an faɗaɗa filin gefensa, an kuma maido da tsakuwa a kwanoni irin su La Source. Gangaren da hawan an bar su yadda suke, har yau direba ba ya hango bayan tudun.