A Canza Sifirin, Amma Kada a Zubar da Tsohon

Wani yayi ya shigo wa masu tara tsofaffin ƙananan bindigogin soja a Amurka da Turai, kuma ban goyi bayansa ba. Mutum zai sayi Luger ko Walther P38 a gwanjo, tun bai goge mata tsohon maiko ba ya riga ya aika a kawo masa ƙunshin sababbin sifirin, irin wanda kamfanin Wolff ke sayarwa. Sai ya kwance ta kaf, ya cire na cikinta duka ya watsa a shara. Da yawansu kuma mai ƙarin ƙarfi suke zaɓa, a zatonsu ƙarfi shi ne lafiya.

Ba cewa nake kada a canza ba. Sifirin ƙarfe ne da ke gajiya da yawan matsewa da saki, tsatsa kuma tana cin sa. Sojojin da suka riƙe waɗannan bindigogi ma ba su taɓa ɗaukarsa abin tarihi ba. M1911, wadda John Browning ya ƙera, ta yi wa sojan Amurka aiki daga 1911 har 1985, ana mayar da ita ma'aikatun gyara ana sake mata kaya. Da wata hukumar Amurka mai suna CMP ta fara sayar wa farar hula ragowar waɗannan bindigogi a 2018, da yawa sun fito da gangar jikin wani kamfani da marfin wani. To wa zai rantse cewa sifirin da ke ciki shi ne na ranar farko?

Wani wurin ma ƙin canzawa ganganci ne. A Mauser C96, wadda aka fara ƙerawa a 1896, ƙarfen da ke ja da baya in an harba fuskar mai harbi yake fuskanta, kuma wani ɗan guntun ƙarfe ne ke tare shi. In sifirin ya saki, duk harbi sai ya maka wa guntun nan duka, har wata rana ya tsage. Wanda ya nace sai ya harba irin wannan da sifirin mai shekara ɗari, da idonsa yake caca.

Amma sa mai ƙarin ƙarfi gyaran gangar Auzinawa ne. Maƙeran sun auna ƙarfin sifirin da nauyin ƙarfen da ke motsi da kuma harsashin zamaninsu. M1911 sifirin mai ƙarfin laba 16 aka saba sa mata. In ka ƙara, ka rage dukan baya, amma marfin zai dawo gaba da ƙarfin da ba a shirya masa ba, dukan ya koma kan ƙusar da ke riƙe da bututun. Luger ta fi kowa rashin haƙuri. Marfinta mai gaɓa ne, yana lanƙwashewa sama, kuma in sifirin ya fi ƙarfin harsashi ba zai buɗe sosai ba, sai kwanson ya maƙale. Daga nan mai ita ya nemo harsashi mai zafi don ya gyara, ya ɗora wa tsohon ƙarfe nauyin da zai karya shi. Jamusawa kuwa sun buga lambobi biyu na ƙarshe na lambar bindigar a kan ƙananan sassanta. Ɗaya ya karye, ba za ka sake samun mai wannan lamba da ya fito tare da ita ba, darajarta ta faɗi ke nan.

Zubar da tsohon shi ya fi ci mini rai. Luger ta 1900, wadda sojan Suwizalan ya fara karɓa, sifirin falle gare ta. Sai a samfurin 1906 aka koma mai murɗi. Wannan fallen shaida ne na yadda maƙerinta Georg Luger ya fara tunanin aikin, kuma irin wannan bindiga ni a ganina ba ta harbi ba ce ma, ta ajiya ce.

Wadda za a harba, a kai ta wurin maƙerin bindiga ya duba ko akwai tsagewa, ya sa mata sifirin mai ƙarfin asali. Tsohon a shafa masa mai, a sa a 'yar jaka, a rubuta lambar bindigar a jiki, ranar da za a sayar a miƙa wa mai saye tare da ita.